Idan Gidanki Tarihin Gari Ne, Wa Zai Biya Kuɗin Taga?

A layin da nake haya, a wani ƙaramin gari na jihar Michigan, akwai wata dattijuwa da ta haura saba'in, gidanta yana kallon namu. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, ita kaɗai ta rage a gidan katako mai hawa biyu da aka gina tun ba a haifi iyayenta ba. Duk shekara idan sanyi ya kawo jiki, sai ta manna farar leda a kan tagoginta daga ciki, ta cusa tsohon tawul a gindin firam, inda katakon ya ruɓe har yatsa yana shiga. Iska na kaɗawa ledar za ta kumbura ta lotsa, sai ka ce gidan ne ke numfashi.

Da ta gaji, ta yanke shawarar cire tsofaffin tagogin ta sa na roba, irin waɗanda kowa ke sawa yanzu. Mai aikin da ya zo awo ne ya ce mata ba zai taɓa komai ba sai ta kawo takardar izini, domin gidanta yana cikin unguwar tarihi. Ita ba ta tuƙi da dare, kuma da dare kwamitin da ke ba da izinin ke zama, shi ya sa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na ce, "Mama, ai ba komai, mu je."

Mutum bakwai muka tarar a bayan dogon teburi a zauren majalisar gari. Ba ma'aikata ba ne, mutanen gari ne da aka naɗa, sun bar iyalinsu sun zo. Ta fito da takardun farashi biyu daga cikin ambulan, na roba da na gyaran katako, ta ajiye su gefe da gefe, hannunta yana ɗan rawa. Ɗaya daga cikinsu, mai zanen gine-gine, ya yi mata bayani cikin ladabi cewa katakon da aka yi tagoginta da shi na tsohon daji ne, mai tauri, wanda ba a samun irinsa a kasuwa yanzu, kuma idan kafinta ya gyara shi zai daɗe fiye da robar. Gaskiya ya faɗa, ni ma na yarda da shi. Ita kuma ta ce masa ba ta musa ba, amma kuɗin fansho ne take ci da shi, kuma sanyi ba zai jira ta tara ba. Ita ma gaskiya ta faɗa. Aka ɗage maganar zuwa wata mai zuwa.

Tun daga wannan dare nake bin diddigin abin. Wa ya ba mutum bakwai ikon hana tsohuwa canza tagar gidanta? Kuma ya dace su riƙe wannan iko? Amsar da na tsaya a kai ita ce ya dace, kuma ban ga hannun da ya fi na ƙaramar hukuma cancanta da shi ba. Sai dai yadda ake raba nauyin abin akwai zalunci a ciki, kuma masu son tsofaffin gine-gine, waɗanda nake ɗaukar kaina cikinsu, ba sa son a taɓo wannan wuri.

Da yawa, har cikin Amurkawa, suna zaton daga Washinton ikon yake zuwa. Akwai dai Rajistar Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar tarayya ta 1966 ta kafa, da wurare sama da 90,000 a cikinta. Amma shiga wannan rajista ba ya hana mai gida komai. Idan da kuɗinsa zai yi, kuma ba ya neman kuɗi ko izinin gwamnatin tarayya, yana iya kawo katafila gobe ya baje gidan, allon tagullar da ke bango ya tafi tare da ɓaraguzai. Rajistar tana aiki ne idan gwamnatin tarayya ce za ta kashe kuɗi ko ta ba da izinin wani aiki, kamar babbar hanya, a nan dole a tsaya a duba ɓarnar da za a yi. Duk wanda ya san ganuwar Kano ya san irin wannan kariya. Tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, amma hakan bai hana a ci ta da gini da haƙar ƙasa ba, domin mai riƙe da jerin yana nesa, mai cebur kuwa yana kusa.

Dokar da ke da haƙori ita ce ta gari. Shi kuma gari a Amurka ba shi da ikon kansa sai wanda jiha ta ba shi. Wani alƙalin jihar Iowa, John Dillon, ya kafa wannan ƙa'ida a hukuncinsa na 1868, kuma har yau jihohi da yawa a kanta suke tafiya. Don haka kafin majalisar gari ta ja layi ta ce daga wannan titi zuwa wancan unguwar tarihi ce, sai majalisar jiha ta buɗe mata ƙofa ta kuma shimfiɗa mata matakan da za ta taka. Birnin Charleston na jihar Carolina ta Kudu ne ya fara a 1931, lokacin da gidajen mai suka fara kutsawa cikin tsohon gari, dillalan kayan da kuma suna ɓalle ƙarafan baranda da katakon bangon ɗakuna suna sayar wa masu kuɗin arewacin ƙasar. A New Orleans sai da aka yi wa kundin tsarin mulkin jihar Louisiana kwaskwarima a 1936 kafin birnin ya iya kafa hukumar da ke kula da tsohuwar unguwar Faransawa.

Matakan su ne abin da ya fi burge ni, kuma su ne dalilin da ya sa ban yarda da masu cewa abin kama-karya ba ne. A jihar Massachusetts, ƙarƙashin dokar jiha ta 1960, gari ba ya wayar gari kawai ya ayyana unguwa. Sai an naɗa kwamitin nazari, ana neman sunayen mambobinsa daga ƙungiyar masana tarihin garin, da masu zanen gine-gine, da dillalan gidaje. Su bi gida gida su rubuta rahoto, su zana iyaka, su aika wa hukumar tsara gari da hukumar tarihi ta jiha. Sai an yi aƙalla kwana 60 kafin a kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma dole a aika wa kowane mai gida takarda. Bayan duk wannan, sai kashi biyu cikin uku na majalisar gari sun ɗaga hannu. Ko an kafa unguwar, ikon kwamitin ya tsaya ne ga abin da mai wucewa a titi zai gani. Cikin ɗakinka naka ne, ka yi masa fentin da ka ga dama. Dokar Michigan ta 1970 ta bi kusan wannan sawu: kwamitin nazari, hoton kowane gini, kwana 60, zaman jama'a, ƙuri'ar majalisa, sannan wanda aka hana izini yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa hukumar jiha, daga nan zuwa kotu.

Wannan rabon aiki yana da hikima. Jiha ba ta san wane layi ne ke da daraja a idon mutanen gari ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gari kuma idan aka sakar masa mara, wata rana kansiloli biyar za su yi amfani da tarihi su danne wanda ba sa so. Sai jiha ta riƙe ƙa'ida, gari ya riƙe zaɓi. Kuma wanda ya yi zaɓin kana iya haɗuwa da shi a kantin unguwa, kana iya kayar da shi a zaɓe mai zuwa.

Me ya sa ma za a taɓa haƙƙin mai gida tun farko? Saboda rusau ba ya da gyara. A Oktoban 1963 aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a birnin Niyok, gini mai manyan ginshiƙan dutse da aka buɗe a 1910. Kamfanin da ya mallake ta bai karya wata doka ba, kayansa ne. Mutane suka yi ta kuka, amma ihu ne bayan hari. A Afrilun 1965 birnin ya yi dokar kare gine-ginen tarihi, kafin ƙarshen shekarar aka ayyana Brooklyn Heights a matsayin unguwar tarihi ta farko a birnin. Da kamfanin Penn Central ya zo zai ɗora bene mai hawa sama da 50 a kan tashar Grand Central, wannan doka ce ta tare shi. Rigimar ta kai Kotun Ƙoli, a 1978 alƙalai shida cikin tara suka ce birnin yana da hurumi, kuma ba sai ya biya diyya ba tunda kamfanin yana ci gaba da cin moriyar tasharsa.

Unguwa ta ma fi gini guda buƙatar irin wannan kariya. Gida ɗaya a layinmu ba abin da za a zo kallo ba ne. Abin da ke da daraja shi ne jerin: baranda bayan baranda, tsayin rufi ɗaya, tazara ɗaya daga titi, bishiyoyin da suka girma tare da gidajen. Mutum guda ya rushe nasa ya kafa wurin ajiye motoci, ya rage wa kowa. Shi ya sa ba na goyon bayan masu son a ba kowane mai gida ikon cewa ban da ni. A 2019 jihar Texas ta yi dokar da ta ce idan mai gini bai yarda ba, ba za a ayyana gininsa ba sai da kashi uku cikin huɗu na majalisar gari, da kuma irin wannan rinjaye a hukumar da ke duba maganar kafin ta iso majalisa. A nan Michigan ma, a 2016 an kawo ƙudurin da zai sa sai an fara samun sa hannun kashi biyu cikin uku na masu gidaje, kuma kowace unguwar tarihi ta mutu bayan shekara 10 sai in an sake zaɓenta. Ƙudurin bai wuce ba, kuma na ji daɗin haka. Wanda ya fi kowa ƙin a ayyana gini shi ne wanda ya saye shi don ya rushe. Kariyar da ke ƙarewa duk shekara goma kuwa, mai katafila zai zauna ne kawai ya ƙirga kwanaki.

To amma a wancan hukunci na 1978 akwai maganar da alƙali William Rehnquist ya yi, yana cikin ukun da suka saɓa, wadda ban iya kawar da ita daga raina ba. Ya lura cewa cikin gine-gine sama da miliyan ɗaya na birnin, kusan 400 kawai aka ware, aka ɗora wa masu su nauyin abin da dukan jama'a za su mora. A kan kamfanin jirgin ƙasa yake magana, kuma ban ji tausayin kamfanin ba. Amma ɗauki wannan magana ka ajiye ta a kan teburin da Mama ta ajiye takardunta. Gari ya ce tagoginta na kowa ne, mai wucewa ya more su da ido, darajar unguwa ta ƙaru, masu yawon buɗe ido su ɗauki hoto. Ranar biyan kafinta kuwa, ita kaɗai ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce ai akwai tallafi. Akwai, amma a duba wa aka ɗinka wa rigar. Rangwamen harajin tarayya na kashi 20 cikin 100 na gine-ginen da ke kawo kuɗi ne kawai, otal, ofis, gidan haya. Gidan da mutum yake kwana a ciki ba ya ciki. Michigan tana da nata rangwamen na kashi 25 da ya haɗa da gidajen zama, an soke shi a 2011, aka dawo da shi a ƙarshen 2020 da iyakar dala miliyan 5 a shekara ga jiha baki ɗaya. Ko ka samu shiga, tsarin rangwame shi ne ka fara kashe kuɗinka, ka cika takardu, daga baya a rage maka haraji. Mai kuɗi a banki da akanta a hannu, wannan garaɓasa ce gare shi. Tsohuwar da fanshonta bai kai a caje ta wani harajin kirki ba, me za a rage mata? Dokar Michigan ta 1970 ta kuma tanadi hanyar kuka ga wanda abin ya fi ƙarfinsa, sai dai sharaɗinta shi ne ka nuna ka gwada duk wata mafita, wadda za ta iya haɗawa da sa gidan a kasuwa. Wato dokar da aka yi don a adana unguwa tana iya nuna wa wadda ta fi kowa daɗewa a unguwar hanyar fita. Wanda ya yi aikin ba izini ana iya cin sa tarar da ta kai dala 5,000. Wanda ya kasa gyara ya bar gidan yana lalacewa, shi ma dokar tana da sunan laifinsa: rusau ta hanyar sakaci.

Akwai kuma tambayar tarihin wa ake karewa. New Orleans ta ba da amsar da har yau take yi mini ciwo. A shekarun 1960 an tsara manyan hanyoyi biyu. Ɗaya za ta bi bakin kogi ta gaban unguwar Faransawa. Masu kishin unguwar suka tashi tsaye, suna da lauyoyi, suna da jaridu, suna da unguwar da doka ta riga ta san da zamanta tun 1930 da wani abu, a 1969 gwamnatin tarayya ta soke aikin. Ɗayar kuwa ta bi ta titin Claiborne, 'yan layuka kaɗan daga nan, a unguwar Tremé, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin baƙar fata a Amurka, inda 'yantattun baƙaƙe suka mallaki gidaje tun zamanin bauta. Titin yana da jerin manyan bishiyoyi a tsakiyarsa, a nan shagunan baƙar fata suke, a nan suke bukukuwansu. A 1966 aka sare bishiyoyin, aka kafa gadar sama ta kankare a kansu. Ba wanda zai ce Tremé ba ta da tarihi. Ba ta dai da wanda zai zauna a kwamitin nazari ya ja mata layi a lokacin. Daga baya an ba ta matsayin unguwar tarihi, gadar kuwa tana nan, mutanen unguwar sun zana hotunan bishiyoyi a jikin ginshiƙanta.

A Georgetown ta birnin Washinton abin ya bi ta ɗaya hanyar. An yi wa unguwar dokar kariya a 1950, gine-ginen suka tsira tsaf. Baƙar fatar da suka yi zuriya bayan zuriya a can, waɗanda tun kafin dokar aka fara matsa musu, tsadar gidaje da ta gyara ta ƙarasa kwashe su. Cocinsu na Mount Zion yana nan, yawancin masu zuwa ibada daga wasu unguwanni suke tahowa.

Wani ƙorafin da ake yi, cewa unguwannin tarihi suna hana gina sababbin gidaje a biranen da haya ta yi tsada, shi ma yana da ƙamshin gaskiya. Na ga inda masu hali suka tuna da tarihi ranar da suka ji za a gina benen masu ƙaramin ƙarfi kusa da su. Maganin wannan yana hannun kwamitin nazari da hukumar jiha: a ja layin daidai inda hujja ta tsaya, kada a miƙe shi don biyan buƙatar wani. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Abin da nake so dokokin jihohi su ƙara ba mai wuya ba ne. Tunda jiha ce ke shimfiɗa matakai, ta ƙara mataki ɗaya: kada majalisar gari ta kaɗa ƙuri'ar ayyana unguwa sai rahoton kwamitin nazari ya faɗi su wa ke zaune a ciki, nawa ne tsofaffi masu cin fansho, nawa ne 'yan haya, kuma daga ina kuɗin taimaka musu zai fito. A ware asusu, ko ƙarami ne, na tallafi kai tsaye ko bashi marar ruwa da za a cire ranar da aka sayar da gidan. California tana da wani abu makamancin haka tun 1972, inda gari ke ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da mai gida, a rage masa harajin gida shi kuma ya kula da ginin. Ko wannan ya fi amfanar wanda ya sayi gida da tsada kwanan nan, amma aƙalla ya amince da cewa gari ma yana da abin biya. Sannan takardar gayyata zuwa zaman jama'a, wadda dokokin suka ce a aika wa masu gidaje, a aika wa 'yan haya ma. Mai gidan da nake ciki yana wata jiha, bai taɓa kwana a layin ba. Shi doka ta sani. Ni da nake share ƙanƙara a gaban gidan duk hunturu, da a ce yau za a ja layin, ba wanda zai aiko mini da ko ƙyalle. A cikin kujeru bakwai ɗin nan kuma, a ajiye ɗaya ga wanda ya san abin da ake nufi da jiran ƙarshen wata.

Da wata ya zagayo na sake kai Mama. A wannan karon mai zanen gine-ginen ya zo da sunan wani kafinta da ya yarda ya yi aikin kashi kashi, aka amince ta fara da tagogi biyu na gaba, ta sa gilashin kare sanyi a sauran. Ba doka ce ta sa shi ya nemo kafintan ba, kirkinsa ne, kuma ba kowane kwamiti ne ke da irinsa ba. A hanyar dawowa ba ta ce komai ba sai da muka shigo layi, ta dubi gidajen cikin hasken fitilun titi ta ce ita ma ba ta son a ɓata layin, a nan ta yi goyon 'ya'yanta duka.

Kafintan ya zo da bazara. Ya ciro tagogin biyu ya jingina su a baranda, ya kankare fentin shekara da shekaru har asalin katakon ya fito, ja-ja, ƙwayarsa a matse. Ya yanke inda ya ruɓe ya dasa sabo, ya sa sabuwar igiya a ma'aunin ƙarfen da ke cikin bango, tagar ta koma hawa da sauka da yatsa ɗaya. Sun yi kyau ƙwarai, duk mai wucewa sai ya waiwaya. Tagogi shida suka rage, kuma da sanyin bana ya shigo na hango ta a kan kujera tana manna leda a na ɗakin kwananta.